Mabuɗin da Kawu Ke Zuwa Aro

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu isa. Yayan mahaifiyata ne, tsohon direba, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan hanyar da ta taso daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada ta shige dajin Falgore zuwa Doguwa. Ya rasu ana tsakiyar girbin masara, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ina rubuta wannan raina a ɓace, kuma ba zan ɓoye ba. An ce mai zaman makoki ya sassauta murya. Na sassauta tawa har aka yi arba'in, yanzu kam ya isa.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, tabarmin unguwa ba su ishi jama'a ba, sai da aka kwaso na masallaci. Direbobi sun zo daga tasha, wasu ko baƙin man hannunsu ba su tsaya wankewa ba. Fulani sun fito daga rugagen bakin Falgore, suka jingine sandunansu suka tsugunna a gefe. Har masunta daga Tiga sun zo. Kowa ya durƙusa ya ce mana ya haƙuri, mu amsa, sannan ya juya ya dubi gindin darbejiyar ƙofar gida, inda tsohuwar akori-kurar Kawu take a tsaye.

"Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba," in ji shugaban direbobin tasharmu, yana share ido da bakin riga. "Mutum ya ɗauki motarsa sukutum ya ba makafi! Wa zai iya?"

Wani mai sayar da taki da ke kusa da shi ya karɓe. "Ai ni a gabana aka yi. Da idona na gani ranar da ya danƙa musu."

Haka aka yi ta yi har kwana uku. Duk wanda ya buɗe baki, maganar motar nan ce. Ina roƙon mai karatu ya riƙe mini waɗannan kalmomin, da idona na gani, domin za mu sake nemansu.

A cikin gida kuwa mahaifiyata ba ta yi dogon bayani ba. Cewa ta yi, "Ya tafi da faɗansa, gidan nan zai yi shiru." Matar Kawu ba ta yi kukan da ake ji daga waje ba. Abin da ta fara tambaya da aka fita da gawa shi ne ko an aika wa Sarkin Makafi.

An aika. Makafin ne suka iso a ƙarshe, a jere, hannun kowa a kafaɗar na gabansa. Aka matsa aka ba su tabarma, amma ba su zauna ba tukuna. Sarkin ya ce a kai su wurin motar. Suka kewaye ta suna shafawa, wannan ya kama madubi, wancan ya dafa bodi. Da suka gama suka zo suka zauna, Sarkin ya ce, "Direbanmu ya sauka." Bai ƙara komai ba sai addu'a.

Kada wani ya ɗauka waliyyi nake yabo. Kawu mafaɗaci ne na gaske. Ya taɓa sauke fasinja a tsakiyar hanya don ya tofa yawun goro a jikin ƙofa. In yana magana ka ce "amma," to ka shirya tsayuwa. Kullum da tawul a wuyansa, kuma yakan goge motar nan kafin ya karya kumallo. In ka gaishe shi yana ƙarƙashinta, amsar da za ka samu ita ce, "Lafiya lau, miƙo mini sifana." Mu 'ya'yan ƙanwarsa tsoronsa muke ji muna yara, sai da muka girma muka gane duk hayaniyar a baki take.

Motar ma ba abin kallo ba ce. Pijo ce, wai fara ce a da. Salansarta an ɗaure ta da waya da gwangwanin madara, ƙofar hagu ba ta buɗuwa sai daga waje. In za ta hau tudu takan yi tari sau biyu kafin ta kama giya, tari irin na tsoho mai shan taba. Tun tana bayan gari ake sanin Kawu ne ke tafe.

A bayan kasuwar garinmu akwai wani lungu da makafi ke zaune. Da yawansu daga ƙauyukan bakin rafi suka taso, ta wajen Falgore, inda ciwon ido ya cinye mutane da ƙarfinsu. Ba bara suke yi ba, kuma in ka kira su mabarata za ka ji ba daɗi. Sana'arsu tufka. Su sayi rama, a jiƙa musu, su zauna su maƙale bakin igiya a babban yatsan ƙafa su yi ta murzawa daga safe zuwa yamma. Su ke yin dangwali, wato doguwar igiyar da Fulani ke jera maruƙa a jikinta, su yi dabaibayin jaki, su yi igiyar guga. Igiyarsu ba ta warwarewa, kowa ya sani. Matsalarsu ɗaya ce: masu sayen suna kasuwannin nesa, su kuma direbobi ba sa son ɗaukarsu. Wai suna daɗewa wajen hawa, wai ƙunshin igiya yana cin wuri. Saboda haka dillalai ke zuwa har ƙofar lungu su kwashe wahalar mako guda a yadda suka ga dama.

Wata rana Kawu yana dawowa daga Doguwa da rana tsaka, sai ya hango mutane tsaye a bakin titi cikin dajin Falgore, ga ƙunshin igiya an watsar a ƙasa. Makafin lungunmu ne, har da Sarkinsu. Wani direba ne ya ɗauko su, ya samu masu buhunan masara a hanya, ya ga sun fi tsoka, sai ya sauke su ya ce akwai wata motar a baya. Babu wata mota a baya. Tun hantsi suke tsaye a wurin, ba su san gabas ba, ba su san yamma ba, suna ɗaga hannu duk lokacin da suka ji ƙarar inji. Kawu ya kwashe su da igiyarsu ya dawo da su gari.

Ni tela ne, shagona yana kallon tasha, saboda haka na ga isowar Kawu ranar. Bai ko kashe motar ba ya diro.

"Ina shegen da ya zubar da bayin Allah a Falgore?" Muryarsa har cikin kasuwa. "A Falgore! Inda mai ido ma in tayarsa ta fashe sai ya yi ta salati! Ku fito mini da shi!"

Babu wanda ya fito, kowa ya sunkuyar da kai yana gyara abin da bai lalace ba. Shugaban direbobi ya zo yana ba shi haƙuri, Kawu ya ce ba shi aka yi wa ba, ya je ya ba waɗanda aka yi wa.

Bai yi shawara da kowa ba. Bayan 'yan kwanaki ya leƙo shagona ya ce in ajiye almakashi in biyo shi. Ya ɗauko Liman, ya kai motar bakin lungun makafi, ya yi ta danna oda har jama'a suka taru. Ya kamo hannun Sarkin Makafi ya zagaya da shi, yana ɗora tafinsa a kan komai. Ga fitila, ga taya, ga inda ta tsage, ga inda aka yi mata walda. Bai ɓoye mata aibi ko ɗaya ba. Sannan ya buɗe hannun Sarkin ya sa masa mabuɗi ya naɗe yatsunsa a kai.

"Liman, ka shaida. Jama'a, ku shaida. Na ba su motar nan halak malak. Ba aro ba ne, ba ajiya ba ce. Tasu ce."

Sarkin ya juya mabuɗin a hannunsa. "Direba, wasa kake yi da mu?"

"Ka taɓa jin an ce na yi wasa?"

Sai wani daga baya ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Makaho da mota! To wa zai gani masa hanya?"

Kawu ya juya kamar zai cinye shi. "Alhazan birni masu motoci jere a gareji, su suke tuƙawa? Mai mota ba ya buƙatar ido, direba ne ke buƙata. Ga mai mota nan, ni ne direba. Akwai sauran tambaya?"

Babu. Nan take Sarkin ya ce a miƙo masa ɗan zaren rama, ya murza siririyar igiya a cinyarsa, ya zura mabuɗin ya rataya a wuya, ya tura cikin riga.

Lungun ya yi wa mota ƙunci, ba ta iya shiga. Dole ta ci gaba da kwana a gindin darbejiyar ƙofar Kawu, kamar yadda ta saba. To daga nan ne Kawu ya fito da al'adar da garin nan ya yi shekaru yana yi wa dariya. Duk ranar da za a fita, in an idar da sallar asuba, sai ya wuce motar a ƙofar gidansa, ya taka da ƙafa har bayan kasuwa. Ya cire takalmi a bakin zauren Sarkin Makafi, ya yi sallama, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, a ba ni aron mabuɗi."

"Ina za a je, Direba?"

"Doguwa, in ka amince."

"Yaushe za ka dawo mini da shi?"

"Kafin magariba, in Allah ya yarda."

Sannan Sarkin ya ciro daga wuyansa ya miƙa. Da yamma kuma, ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, sai Kawu ya sauke su, ya kai motar gida ya kulle, ya sake takowa ya mayar. Kalmomin nan ba su canja ba, har yaran lungun suka haddace suna kwaikwayo. Kuma yana karɓar ladansa na direba kamar kowa, ba ya yafewa. Ya ce direban da ba a sallama shi ne mai mota, shi kuwa ba shi da mota.

Akwai ranar da matar Kawu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida da la'asar. Aka kinkimo ta zuwa ƙofa, aka duba, babu Kawu. Ashe ya ruga bayan kasuwa neman izini, tsoho da shi yana gudu tawul na lilo. Ta warke, amma ta daɗe ba ta huce ba.

"Malam, da na cika kafin ka dawo fa?"

"To a motar sata kike so in kai ki asibiti?"

Shi kansa Sarkin ya yi masa faɗa ranar. Ya ce wannan wace irin wahala ce, ya riƙe mabuɗin a wurinsa mana, ai an yarda da shi. Kawu ya ƙi. Da na tambaye shi dalili daga baya, ya ce, "Ranar da ya kwana a aljihuna, ranar ta koma tawa a idon mutane." Ya dubi ƙofar gidansa, ya ce, "Kuma na san gidana."

Na san wanda yake nufi. Babban ɗansa taubashina ne, tare muka tashi, wasa ne tsakaninmu tun muna yawo ba wando. Ya shiga harkar hatsi ya yi ƙarfi, yana saye a ƙauyuka yana lodawa zuwa Kano. Tun ranar kyautar nan yake cika yana batsewa. Na ji su da kunnena wata safiya, Kawu na goge gilashi.

"Baba, 'ya'yanka na raye ka ɗauki mota ka ba bare? Ni nan hayar motar wasu nake yi ina kwaso masara."

"Kai ido biyu gare ka, ƙafa biyu, ga baki kamar reza. Me ka rasa? In motar kake so, ka san gidan mai ita. Je ka cire takalmi ka tambaya. In ya ba ka haya, ka biya."

Bai je ba. Ya ce shi ba zai durƙusa wa makaho a kan motar ubansa ba, kuma ya riƙe maganar a ciki.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da lungun nan ya gani. Ranar kasuwa sai ka ga akori-kura ta fito, igiya an tula ta har sama, masu ita zaune a kai suna raha. Sarkin a gidan gaba, hula a karkace. Ya san hanyar nan da jikinsa fiye da yadda nake saninta da ido. Sai ka ji ya ce, "Direba, rage wuta, gadar nan ce a gaba." Kawu ya ce, "To, maigida." In masu tsaron hanya sun tsayar da su sun ce motar wa ce, Kawu ya nuna shi da haɓa ya ce ga mai ita nan, ku yi magana da shi. Fulani suka san ranar zuwansu, suna jira a gefen kasuwar shanu. Masuntan Tiga suka riƙa yin odar igiyar jirgi. Dillalan da ke zuwa ƙofar lungu suka ɗauke ƙafa. A cikin tufkar nan aka rufa ɗakuna da kwano, aka aurar da 'ya'ya, aka sa wasu a makaranta. Ko lokacin da kayan gyara suka yi tsada, mai ya yi wuya, motoci masu kyau suka kwanta, wannan tsohuwa ba ta fasa fita ba, don masu ita ba su taɓa barin ta da yunwa ba.

Sau ɗaya na ce masa ya kamata a sauya sunan da ke takardun motar. Ya harare ni. "Takarda ta masu tsaron hanya ce. Liman ya gani, kai ka gani, gari duk ya gani. Me kuma ake nema?" A nan kaɗai Kawu ya yi kuskure. Ya ɗauka abin da gari ya gani, gari zai faɗa.

Da ciwo ya kwantar da shi, ni ya kira, tunda shi ya koya mini tuƙi tun ina saurayi. Ya ce ranar kasuwa in rufe shago in kai su. Na ce to. Ya ce, "Kuma ka cire takalmi." Na yi yadda yake yi, kalma da kalma. In na dawo na shiga gaishe shi, ba ya tambayar hanya, ba ya tambayar ciniki. Ido a rufe zai ce, "Ka mayar?" In ce na mayar. Maganar da muka yi ta ƙarshe ke nan da shi a duniya.

Washegarin sadakar uku taubashina ya aiko mini cewa kada wanda ya taɓa motar sai an raba gado. Na same shi na ce ai ba ta cikin gado. Ya ce ni ɗan mace ne, ba ni da ta cewa a dukiyar gidansu. Gaskiya ne ba ni da gado a gidan, ban kuma nema ba. Haka motar ta zauna a gindin darbejiya ganye na zuba a kanta, igiya ta taru a lungu har ta rasa wurin ajiya, dillalai suka dawo suna murmushi.

Ranar arba'in, bayan an yi addu'a an raba waina, malamin da zai raba gado ya zauna a ƙofar gida, jama'a ba su watse ba. Limamin da ya shaida kyautar ya riga Kawu rasuwa. Malamin ya yi tambaya yadda ya kamata: akwai abin da mamaci ya bayar tun yana raye, wanda ba za a sa a lissafi ba? Na miƙe na faɗi abin da na gani, daga kama hannu har rataya mabuɗi. Ya ce to, akwai wanda zai ƙara a kan wannan?

Babu wanda ya miƙe. Na dubi shugaban direbobi, wanda ya jiƙa rigarsa da hawaye ranar jana'iza. Ya kawar da kai ya ce, "To, ni dai ji na yi ana faɗa." Motocin tasharsa lodin masarar taubashina suke yi. Na dubi mai taki, mai da idona na gani. Ya shafa wa idonsa toka ya ce shi ranar yana Kano, bai dawo ba sai dare. Na bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka cika bakin lungu ranar, waɗanda suka yi shekaru suna tsokanar Kawu a kan tafiyar asuba. Wannan yana gyara hula, wancan yana jan carbi da sauri kamar an biyo shi. Ban taɓa jin kunyar garinmu irin ta ranar ba.

Sarkin Makafi ya ce daga inda yake zaune, "Allah gafarta Malam, mu ma muna wurin."

Sai wata murya daga baya ta ce, "Su da ba su gani ba, me za su shaida?" Har aka samu waɗanda suka yi dariya. A ƙofar gidan Kawu, a ranar arba'in ɗinsa! Da yana raye da mai maganar nan bai kwana a garin ba.

Taubashina ya ce motar a ƙofarsu take kwana, sunan ubansa ne a takarda, mabuɗi kuwa ajiya ce kawai tsoho yake kaiwa don kada yara su ɗauka. Malamin ya ce tunda an yi jayayya, shi ba zai sa ta a rabo ba, ba zai kuma fitar da ita ba, sai a je gaban alƙali. Wannan bai yi wa taubashina daɗi ba. Ya tashi ya tsaya a kan Sarkin, ko rusunawa bai yi ba.

"Baba, kafin nan a ba ni mabuɗin. Zai fi tsaro a wurina."

Sarkin ya ɗago fuskarsa wajen muryar. Ya sa hannu cikin riga ya fito da mabuɗin, igiyar ta yi baƙi saboda gumin shekaru. Bai cire daga wuyansa ba.

"Ɗana, ubanka in yana son wannan, takalmi yake cirewa ya ce a ba shi aro. In tambaye shi ina za a je, ya faɗa. In tambaye shi yaushe zai dawo da shi, ya faɗa. Bai taɓa saɓawa ba. Kai ma ga jama'a nan, faɗa musu. In aro ne, gaya mini ranar da za ka mayar, in ba ka yanzu. In kuwa ƙwace ne, ga wuyana, sa hannu ka cire. Ai ba gani nake yi ba."

Ya miƙa wuyan, ya jira. Taubashina ya tsaya hannunsa a sake, gumi na bin goshinsa. Bai ce aro ba, bai kuma iya kai hannu ba. Daga cikin zaure muka ji muryar mahaifiyarsa, wadda take cikin takaba ba ta fitowa, ta ce, "Ka ji kunya, ka shigo gida." Ya juya ya shige.

Na ɗauka an gama. Ashe ban san taubashina ba, duk da tare muka tashi. Ba a yi mako ba ya kawo bakanike daga wani gari da sassafe, aka ɓalle ƙofa, aka haɗa waya, aka tayar da ita. Kafin labari ya iso shagona ta yi nisa. Aka ce ya sayar wa wani mai lodin hatsi ta wajen Kiru. Na tafi lungu, na ce wa Sarkin ya tashi mu tafi kotu, ni zan tsaya, zan rantse da Alƙur'ani. Ya ci gaba da murza igiyar da ke yatsansa.

"Ba zan ja ɗan Direba gaban alƙali ba," in ji shi. "Da wane baki zan gaishe da ubansa in mun haɗu?"

Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce masa wannan ba haƙuri ba ne, ba da kai ne. Ko gezau. Ni kuwa ban da irin zuciyarsa. Tun ranar ban sake yi wa taubashina wasa ba, kuma mai taki ya kawo mini ɗinkin Sallah na ce ya kai wani wurin.

Dillalai kam Sarkin ya ce ba za su sake sayar musu ba, ko igiyar za ta ruɓe. Saboda haka ranar kasuwar Tudun Wada da ta zagayo na rufe shago, na riƙe bakin sandarsa, muka kama hanya da ƙafa. Suna jere a bayana, ƙunshin igiya a ka, hannu a kafaɗa, tsofaffin da suka yi shekaru suna tafiyar nan a zaune. Motocin tasharmu suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, direbobin na kallon gabansu.

Mun kai gindin wani hawa ke nan sai na ji sandar ta tsaya a hannuna.

"Ku dakata," in ji Sarkin.

Ni ban ji komai ba tukuna. Can sai ga ƙarar inji daga bayanmu, sannan tari sau biyu. Duk layin ya juya fuska wajen titi lokaci guda. Wani daga baya ya ce a hankali, "Tamu ce." An shafa mata shuɗin fenti, an lafta mata buhuna har bodinta na neman taɓa taya. Sarkin ya ɗaga hannu, ba irin ɗagawar mai roƙon a taimaka masa ba, irin ta mai tsayar da abinsa. Direban, wani saurayi da ban sani ba, ko kallo ba mu ishe shi ba. Ta wuce mu tana nishi, ta haye tudun da ƙyar.

Sarkin bai sauke hannun ba sai da ƙarar ta ɓace. Na jira in ji ya yi Allah ya isa, don ni na riga na yi a zuciyata.

"Yaron nan bai iya ta ba," ya ce. "Ba wanda ya gaya masa lallaɓa ta ake yi a hawan nan. Zai kashe mata giya." Ya dafa ƙirjinsa inda abin yake rataye, ya gyara ƙunshin da ke kansa. "Mu je, ɗan Direba, rana tana yi."

Ni ya kira da sunan nan, ni ɗan mace da ba ni da ta cewa. Na ja sandar muka ci gaba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka faɗanka, ya haskaka kabarinka, ya sa abin da ka bayar ya tarar da kai a can cikakke, ko da an ɗauke shi a nan. In kana tambaya kamar yadda ka saba, an mayar. Mabuɗin yana wuyan mai shi.